Kirfa a Kan Farar Shat

Masu karatu, yau kam ku gyara zama, don abin da zan ba ku labari har yanzu ƙamshinsa bai bar gashina ba. Na wanke kai har fatar ta fara zafi, amma duk inda na juya sai in ji kamar a gidan burodi na kwana. Wanda ya daɗe muna tare ya san ni. Wanda kuma yau ya faɗo, sunana Solvej, autar Bodil da Henning masu gonar dankali a bakin ruwa, can yammacin Jylland inda iska ba ta san hutu ba. Sana'ata, in har Mor, wato mahaifiyata, za ta yarda a kira ta sana'a, ita ce rina fararen riguna.

A bayan gidanmu akwai tsohon ɗakin tace madara, tun zamanin da kakana ke kiwon shanu. Farin tayil ne daga ƙasa har bango, taga ɗaya mai kallon ruwa, sai rariya a tsakiyar ɗakin wadda murfinta ya ɓata tun ina yarinya. Rariyar nan ta ci min 'yan kunne, ta ci cokali, ta ci makullin keke, kuma abin da ta haɗiye ba ya dawowa. A nan na kafa tukwanena. Ina sayo fararen shat na auduga a kwali, marasa zane marasa rubutu, in zauna ina gwaji. Ɓawon albasa yana ba ni ruwan ɗorawa mai taushi. Jan kabeji mayaudari ne, ranar farko ya yi shuɗi kamar sama, wanki biyu ya gudu ya bar ki. Tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa suna ba da launin gajimaren hadari. In kuma ina son abin da zai ɗauki ido a kasuwar Asabar, sai in koma ga galurar kanti.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Akwai wani ɗan lokaci, idan na ɗiga rini a ruwan ɗumi, da yake tashi a hankali kamar hayaƙi, ya yi reshe, ya naɗe, kafin ya game tukunyar. Hasken taga ya faɗo a kai, tsuntsayen ruwa suna kuka can nesa. A wannan ɗan lokacin ba ni da shekaru, ba ni da uwa mai jiran suruki, ba ni da komai sai ido.

Aikin yana da ƙa'ida. Sabuwar riga sai an wanke ta, don akwai wani santsi da take zuwa da shi daga masana'anta wanda ba ya barin rini ya shiga. Sai a jiƙa ta a ruwan alif don launi ya kama. Sai a sa tsakuwa ta ciki, a tattare yadin a kanta, a ɗaure tamau da roba. Duk inda ɗaurin ya matse, fari zai zauna. Babbar dokar kuwa ita ce ta ƙarshe: in an rina, a naɗe a baƙar leda a bar ta ta kwana. Wadda ta yi gaggawar kwancewa ta ɓata aikinta da hannunta.

To, ga matsalar. Asabar ɗin da ta wuce na cika shekara ashirin da biyar, ba aure. Kun san kuwa abin da ake yi wa irina a wajenmu: a ɗaure ki a jikin sanda, a jiƙa ki da tiyo, 'yan'uwa da ƙawaye su yi ta watsa miki garin kirfa har sai kin koma kamar gurasa. Ga yawancin mutane wasa ne, a yi dariya a ɗauki hoto a watse. Ga Mor kuwa, abin kunya ne da za a rubuta mata a goshi.

Tun farkon makon ta fara. Na shigo kicin da safe, ta baza farin kyallen tebur na biki tana guga, Mormor, kakata ta wajen uwa, tana bakin taga da kofinta.

"Kalli hannunki," in ji Mor, ba ko gaisuwa. "Kamar wadda ta shaƙe kwaɗo. Da wannan hannun za a sa miki zobe?"

"Wa ya ce za a sa min zobe?"

"Garin nan kaf. Inger ta gaya min ɗanta Troels ya je birni ya dawo da ƙaramin akwati. Ni dai na gaya miki, Solvej, ba 'yar da za a ɗaure a ƙofar gidana kamar akuya."

"Mor, al'adar cewa ta yi sai mai aure ake ƙyalewa. Ko ya ba ni zobe ai ba aure ba ne."

"Mormor ta yanke hukunci, zobe ya isa. Ko ba haka ba, Mor?"

Mormor ta kurɓi kofi, ta dube ni ta saman tabarau. Sunanta Edel, ta haura tamanin, kuma a danginmu in ta ce ruwa tudu yake hawa, to sai dai a nemo masa tsani.

"Na ce ya isa," ta ce. "Ban ce dole ba. Ke Bodil kullum rabin magana kike ɗauka ki gudu da ita. Ni ina sha tara na yi aure, ban taɓa sanin ɗanɗanon kirfar nan ba, ga shi har yau ina tunanin ko na yi asarar wani abu."

"Mor, don Allah kar ki zuga ta!" in ji mahaifiyata.

"Yarinyar da ta tafasa ƙusoshi a tukunyar miyarki ai ba ta buƙatar zugi."

Na ɗauki yankan baƙin burodi na shafa man shanu na fice, Mor tana bina da cewa ta sayo min riga mai ruwan toka, mai dogon hannu, ta rataye a ɗakina. Dogon hannu, kun ji, don a ɓoye shaidar laifi.

Bari in gaya muku waye Troels, don kar ku ɗauka wani dodo ake tura min. Ɗan maƙwabtanmu ne, gonar shanunsu tana haye da filin dankalinmu. Dogo ne, kafaɗa kamar ƙofar rumbu, kunnuwansa kan yi ja in ya ji kunya, kuma kullum cikin jin kunya yake. Tun muna makaranta yake ɗaukar min jaka. Na tafi birni na yi aikin kanti, na gaji na dawo, na same shi inda na bar shi. Kayansa kuwa ba sai an tambaya ba: farar shat da wandon aiki, yau da gobe da jibi. Na taɓa roƙonsa ya ba ni ɗaya in rina masa, ya ce, "Me ta yi miki? Ai lafiyarta ƙalau."

Kullum da yamma in ya gama tatsa yakan zo ɗakin rinina, ya kifa bokiti ya zauna, ya ciro waya yana duba lissafin shanunsa. Ni kuma in yi ta zuba: alif kaza, ɗauri kaza, sai ta kwana. Shi dai "uhm", "to", "haka ne". Wata rana na ɗaga rigar da ta fi kowacce kyau a duk abin da na taɓa yi, shuɗi mai zurfi da fararen da'irori kamar ruwan sama na sauka a tafki, na ce, "Me ka gani?"

Ya ɗago ya ce, "Ta jiƙe."

Ku gaya min, 'yan'uwa mata, mutum irin wannan yana ganina kuwa? Ko dai yana ganin 'yar gonar da ke jikin tasu ce, wadda uwarsa da uwata suka gama auna labulen gidanta tun tuni? Ina son sa, wannan ban taɓa musu ba, ko a zuciyata. Abin da ban so shi ne a miƙo min zobe kamar laimar da ake miƙa wa wadda ruwa zai daka. Namiji in an sa masa ranar ƙarshe zai yi abin da aka ce, amma ba za ki taɓa sanin ko shi ya so ko kalanda ce ta so ba.

Sannan akwai wani sirri da ban gaya wa kowa ba. Ni ina son kirfar. Tun hunturu nake gwada ta a tukunya, tana ba ni wani launi mai ɗumi, tsakanin shayi da madara da fatar barewa. Sai tunani ya zo min: me zai hana in wanke farar shat, in jiƙa ta a alif, in ɗaure ta, in sa a jikina ranar, in bar dangina su rina min ita da hannunsu? Rigar da duk wanda ke sona ya sa hannu a cikinta. Na kwana da wannan tunani na tashi da shi har ya zama kamar na riga na ga rigar tana shanye a igiya.

Ranar Laraba saƙon Troels ya shigo wayata.

"Kina ɗakin?"

"Ina ciki."

"Ina zuwa. Akwai magana."

Troels bai taɓa cewa akwai magana ba. Na duba madubin da ke jikin ƙofa: tsohon wandon Far, wato babana, na ɗaure da igiya, gashi a cukurkuɗe da fensir a ciki, ɗigon shuɗi a haɓa. Na bar shi haka.

Ya shigo, da alama ya yi wanka, yana ƙamshin sabulu, ya taje kai har da tsaga. Aljihun wandonsa na dama ya yi tudu mai kusurwa huɗu. Bai kifa bokiti ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki dab da rariya, kunnuwan nan kamar an gasa.

"Solvej, ni dai ba gwanin magana ba ne..."

"Troels, tsaya. Kar ka ciro."

Hannunsa ya tsaya a bakin aljihu.

"Kar ka ciro yau. Kar ka ciro kafin Asabar."

"Amma ai Asabar ɗin ce..." in ji shi. "Za su ɗaure ki fa. Jeppe ya sayo kirfa buhu guda, na gani a motarsa."

Jeppe yayana ne, kuma tun haihuwata yake jiran wannan rana.

"Na sani. Ina so su ɗaure ni."

Ya kalle ni kamar saniya ta yi masa magana.

"Wato kin fi son a ɗaure ki a sanda gaban kowa, da ki karɓi abin hannuna."

"Ba haka nake nufi ba. Akwai rigar da nake son..."

"Riga," ya ce a hankali. "To."

Wayyo, masu karatu, da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk maganar da na tsara, ta laima da ta kalanda, ta gudu ta bar ni da kalmar riga. Ya dubi tukwanen, ya dubi igiyar shanya, ya dubi hannuwana, kallon da ya fi kowane daɗewa tun da nake da shi. Sannan ya juya ya fita, ya ja ƙofar a hankali. Da ma bugo ta ya yi, da na fi samun sauƙi.

Washegari bokitinsa ya wuni a kife ba kowa. Na tura masa: "Ka yi fushi?" Alama ta nuna ya karanta. Shiru. Da yamma na sake: "Ba ƙinka na yi ba." Can ya amsa da kalma biyu: "Na ji." Na juya kalmomin nan sama da ƙasa, na karanta su da murya mai daɗi, na karanta da murya mai sanyi, ban samo komai ba.

Labari kuwa ya riga ya tsallaka fili. Inger ta kira Mor, Mor ta same ni a ɗakin rini, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana tattare siket.

"Yaron nan ya jira ki tun kina da giɓi. Kina tsammani zai jira har abada? Akwai 'yar likitan dabbobi da ke zuwa gonarsu, ba ta da shuɗin hannu, kuma ba makauniya ba ce."

"In 'yar likitan yake so ai ga hanya nan."

"Bakinki ke faɗa. Je ki dubi idonki a madubi."

Ta tafi, na zauna a kan bokitinsa na yi kuka mai isata. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi. Ina iya rasa Troels a kan rigar da ban ma tabbatar za ta kama ba.

Duk da haka ranar Juma'a na wanke farar shat ɗina. Da na ɗauko kwalbar alif sai na ga ta yi ƙasa sosai, alhali na san cike na bar ta. Na ce ko dai hankalina ne ya tafi. Na jiƙa rigar, na zauna a bakin taga ina ɗaure tsakuwoyin da na tsinto a bakin ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Lokacin bazara ne, rana ba ta son faɗuwa, hasken ya kwanta a kan ruwa kamar zuma. Can haye ina hango shanunsu suna komawa gida a jere, da wani farin ɗigo a bayansu. Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Ban san ko ya juyo ba.

Asabar ta waye garau, ba gajimare ko ɗaya. Far ya ɗaga tuta a tsakar gida tun da sassafe, ya leƙo ɗakina ya ce, "Rana ta fito, ashe bana kin yi halin kirki. Ban san yaushe ba." Haka muke cewa, yanayin ranar haihuwarki shi ke tona halinki na shekara.

Baƙi suka cika lambu. An shimfiɗa farin kyallen Mor, an jera kek mai hawa-hawa da kirim, an soka masa 'yan ƙananan tutoci, kofi yana zagayawa. Inger ta zo, ta zauna can gefe da jakarta a cinya, ta gaishe ni da ka kawai. Ɗanta babu shi.

Na hau sama, na dubi rigar mai ruwan toka da ke rataye, na shafa ta, na ba ta haƙuri. Na sa baƙar singileti, na ɗora farar shat ɗina a kai, duk ta yi ƙulli-ƙulli kamar jikin kada, da tsohon gajeren wando da takalmin roba. Da na sauko, cokula suka tsaya a iska.

"Na shiga uku," in ji Mor. "Mene ne wannan a jikinki? Ƙuraje?"

"Aiki ne, Mor."

Jeppe ya yi ihu, "Jama'a, ba zobe! Ku duba hannun, ba zobe! A kawo igiya!"

Kafin in ce wani abu ƙawayena sun ɗauke ni cak, sun kai ni jikin sandar tuta, sun zagaye ƙuguna da igiya, sun maƙala min tabarau na ninƙaya. Jeppe ya jawo tiyo yana waƙa. Mor ta juya baya ta kama goge teburin da ba abin da ya zuba a kansa. Ni kuwa idona yana kan hanya. Na ce a raina, shi ke nan Solvej, kin sami rigarki, sai ki aure ta.

Ruwan farko ya sauka a kaina, sanyi kamar ƙanƙara. Sai muka ji ƙarar tarakta.

Ta taho ta gefen filin dankali, a hankali, ta tsaya a bakin shinge. Troels ya diro. Masu karatu, da na san zan ga abin da na gani da na roƙi a cire min tabarau tun da wuri. Farar shat ce a jikinsa kamar kullum, amma an ƙulle ta ko'ina da shuɗiyar igiyar ɗaure ciyawa. Ƙullin ya yi yawa har rigar ta tattare ta hau sama, cibiyarsa a waje, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Jeppe ya faɗi ƙasa don dariya.

"Troels!" in ji Inger, ta miƙe jakarta ta faɗi. "Rufe cikinka!"

Bai dubi kowa ba. Ya ratsa tsakiyar mutane, kunnuwa kamar garwashi, ya zo ya jingina bayansa da sandar, kafaɗarsa tana taɓa tawa.

"Jeppe, ƙaro igiya," ya ce. "Nawa bikin na ashirin da biyar a cikin tarakta na ɓuya na kulle ƙofa. Ana bina bashi."

"Me kake yi?" na raɗa masa.

"Na wanke ta tukuna," ya ce, idonsa a gaba. "Saboda santsin masana'anta. Na jiƙa a alif. Ban sami roba ba, sai igiya. Daidai ne?"

Mutumin da ya shekara yana ce min "uhm". Na waiga wajen Mormor, ta ɗaga min kofinta daga kujera, fuskar nan kamar ba ita ta kwashe min rabin kwalbar alif ta ba shi ba.

Daga nan ban san wa ya fara ba. Kirfa ta tashi sama kamar hadari. Rana ta ratsa ta, komai ya koma ruwan zinariya, mutane suka zama inuwoyi masu dariya, tutar tana kaɗawa can sama a cikin ƙura mai ƙamshi. Na ga Far yana watsawa da hannu biyu. Na ga Mormor an riƙo ta, ta ɗebo a cokalin shayi ta zuba min a kafaɗa a nutse. Inger ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗebi cikin tafi ta nufi cibiyar ɗanta da shi. Can ƙarshe Mor ta zo, idonta jajir, ta tsaya a gabana da garin a hannu.

"Ina ne bai samu ba?" ta ce.

Na nuna mata wuyan rigar da haɓata. Ta shafa a wurin a hankali, kamar yadda take shafa min man zafi ina ƙarama.

Troels yana ta atishawa a gefena, ba ji ba gani. A cikin ƙurar nan ɗan yatsansa ya nemo nawa ya riƙe. Da za a bar ni a ɗaure a wurin har kaka, da ban yi ƙara ba.

Da aka kwance mu, ya je bayan tarakta ya sauya riga, wata farar ba shakka, ya dawo da ƙulli a baƙar leda ya miƙo min.

"Ki haɗa da taki. Ni ban san yadda ake ɗauraya ba."

Na karɓa. Ta cikin ledar yatsuna suka bi ƙulle-ƙullen, tsakuwa, tsakuwa, tsakuwa. Sai na zo kan wani da ba tsakuwa ba. Zagayayye ne, siriri, da rami a tsakiya. Na kai hannu bakin ledar.

Ya dafe hannuna. "A'a. Sai ta kwana. Ke kika faɗa."

"Troels..."

"Asabar ta kusa wucewa, kirfa kuma kin sha. Ba wanda ya aiko ni. Ki duba gobe, in launin bai yi miki ba ki dawo min da rigata."

Ya hau taraktarsa ya tafi tatsa.

Kar ku tambaye ni yadda na ga safiya. Na dai san hantsi bai gama ɗagawa ba ina ɗakin rini, ƙafa ba takalmi, ledoji biyu a gabana. Na fara da tawa. Na yanke robobi, tsakuwoyi suka zubo, na sakar mata ruwa. Laka-lakar kirfar ta wanke ta bi rariya, abin da ya rage a yadin kuwa ya fi wanda na yi mafarki: launin shayi da madara, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, gwargwadon hannun da ya watsa, fararen da'irori sun bazu kamar watanni. A wuya, inda Mor ta shafa, nan ya fi ko'ina kamawa.

Sannan na ɗauko tasa. Ƙullin manomi ne, ba ya kwantuwa da farce, sai da na sa almakashi. Na bar na ƙirjin hagu har ƙarshe. Har a lokacin, na rantse muku, ban gama sanin me zan ce masa ba. Ina ta saƙa: aure fa, Inger fa, gidan da komai fari ne fa. Na sa bakin almakashi na datse igiyar.

Yadin ya buɗe da ƙarfi. Zoben ya yi tsalle, ya daki tayil da wata 'yar ƙara, ya miƙe a kan gefensa ya fara gangarawa. Ɗakin madara kuwa an gina shi ne yadda komai zai gangara wuri ɗaya.

Ban yi tunani ba. Ban yi shawara da Inger ko labulenta ba. Na ganni kawai a ƙasa rub da ciki cikin ruwan kirfa, gwiwata ta daki tayil, tukunyar albasa ta kife, tafin hannuna a kife dab da bakin rariya. Na ji shi a ƙarƙashin tafin, ɗan sanyi, ɗan ƙarami. Na daɗe a haka, kumatuna a kan tayil, ina kallon rigarsa da ta faɗi gefe: farar da'ira ɗaya, siririya, tsaf, daidai inda zuciya take.

Sai dariya ta kama ni, da hawaye, duka a haɗe.

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Na lalubo ta da hagu, don hannun dama ya ƙi buɗuwa. Saƙon Troels ne.

"Kin duba?"

Na rubuta da babban yatsa, harafi na tsallake harafi: "Zo ka ɗaga ni. Na fasa gwiwa wajen ceto shi."

Ko ajiye wayar ban yi ba, na ji tarakta ta tashi can hayin filin dankali. Ashe tun ɗazu yana zaune a cikinta, da makulli a hannu.